Matasa, Gidajen Nunin Kimiyya da Jami'o'i: Darasi ga Ɗalibin Harshe

1.0 Gabatarwa

Na san wani zai ga maƙala a kan kimiyya a cikin mujallar ɗaliban Hausa ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Saboda haka bari in fara da abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A wani dogon hutu na yi aikin koyarwa na sa-kai a wata makarantar sakandare da ke maƙwabtaka da unguwar Sabo ta garin da muke karatu. Wata rana malamin kimiyya ya roƙe ni in raka shi da 'yan aji huɗu zuwa wani gida da ake ajiye samfurin dabbobi da tsirrai. Jagoran da ya tarbe mu mutum ne mai ilimi, amma da Turanci yake bayani, kuma da sauri. Yaran Sabo suka ja baya suka yi tsit. Da muka zo gaban wani akwatin gilashi mai ɗauke da busassun 'ya'yan itatuwa, sai jagoran ya nuna wasu ya ce wa ya san sunansu. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Bagaruwa ce." Jagoran ya ce ba sunanta ke nan ba, ya faɗi sunan Latin, sauran yara suka yi dariya. Yaron bai ƙara buɗe baki ba har muka fito.

A mota muna dawowa ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, wallahi bagaruwa ce, da ita kakana yake jima." Daga nan ya shiga yi mini bayanin yadda ake daka ta, a jiƙa, a tsoma fatar da aka riga aka cire wa gashi, a bar ta har ta jimu. Abin da yaron nan ya kwatanta mini kimiyyar haɗa sinadarai ce tsantsa. A cikin kwanson bagaruwa akwai sinadarin da ake kira tanin, wanda yake kama zaren naman fata ya hana ta ruɓewa. Yaron ya san aikin, jagoran ya san sunan Latin, amma aka tashi babu wanda ya ƙaru da wani.

Tun daga ranar na shiga bibiyar yadda wasu ƙasashe suka tunkari wannan matsala. Wannan maƙala za ta duba yadda gidajen nunin kimiyya da jami'o'i a Amurka da Ingila suka haɗa gwiwa don shigar da matasa harkar kimiyya bisa adalci. Sa'annan za ta nuna inda harshe ya shigo cikin lamarin, da kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu nazarin harshe.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu tantance kalmomi uku kafin mu yi nisa.

Ta farko ita ce "gidan tarihi". Bahaushe ya saba da wannan suna, domin gidajen da ya fi sani, irin su Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, kayan da ne suka fi yawa a cikinsu. Sai dai akwai gidajen da aka gina musamman don nuna yadda haske da sauti da maganaɗisu da jikin ɗan'adam suke aiki, inda ake so baƙo ya taɓa, ya juya, ya gwada da hannunsa. Kiran irin wannan wuri gidan tarihi zai ɓatar da mai sauraro. Don haka na zaɓi in kira shi "gidan nunin kimiyya". A ƙarƙashin wannan suna na haɗa har da gidajen ajiye samfurin halittu da gidajen namun daji, tun da aikinsu na ilmantarwa iri ɗaya ne.

Ta biyu ita ce "matasa". A nan ina nufin samari da 'yan mata masu shekara 13 zuwa 19, wato galibi 'yan makarantar sakandare.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce bambancin "daidaito" da "adalci". Idan uba ya sayo wa 'ya'yansa biyar takalma masu lamba ɗaya, ya yi raba-daidai. Amma babban zai ji matsi, ƙaramin kuma takalmin zai riƙa fita daga ƙafarsa. Adalci shi ne a auna ƙafar kowa. Haka abin yake a nan. Buɗe ƙofar gidan nuni ga kowa daidaito ne. Adalci kuwa shi ne a tambaya: wa yake shigowa, wa ba ya shigowa, me ya hana shi, kuma idan ya shigo ana sauraronsa?

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A 1969 wani masanin kimiyyar fiziya mai suna Frank Oppenheimer ya buɗe gidan nunin Exploratorium a birnin San Faransisko na Amurka. Shi ƙane ne ga Robert Oppenheimer, wanda ya jagoranci masanan da suka ƙera bom ɗin nukiliya na farko. Siyasar zamanin ta raba Frank da aikin jami'a, ya koma kiwon shanu a jihar Kolorado, daga baya ya koyar da kimiyya a wata sakandare ta karkara. Wannan zama da ya yi da 'yan sakandare ya yi tasiri a kansa. Da ya buɗe gidan nasa sai ya ɗauki 'yan makarantar sakandare aiki, ana biyansu, su ne suke zagayawa suna taimaka wa baƙi. Ana kiransu masu bayani. Daga cikin ayyukan da suka shahara da shi akwai feɗe idon saniya a gaban jama'a don nuna yadda ido yake gani.

A 1986 gidan nunin kimiyya na birnin Niyok, wanda yake yankin Queens, ya fara wani shiri da za a iya fassara sunansa da "tsanin aikin kimiyya". An fara shi ne da haɗin gwiwar kwalejin Queens, da nufin samar da malaman kimiyya daga cikin al'ummomin da ba a cika ganin 'ya'yansu a fagen ba. Matashi yakan fara daga ƙaramin mataki, ya zama mai bayani, ya hau zuwa mai horar da sababbi. Unguwar da gidan yake cike take da baƙin haure, da yawansu masu jin Sifaniyanci, don haka matashin da yake jin harshe biyu ya zama kadara ga gidan.

Daga 1991 zuwa 1999 ƙungiyar gidajen nunin kimiyya mai hedikwata a Amurka ta gudanar da shirin YouthALIVE!, wanda ya tallafa wa gomman gidaje su kafa shirye-shirye na dogon lokaci ga yaran talakawa da na tsirarun ƙabilu. Abin da wannan shiri ya tabbatar a zukatan ma'aikatan gidajen shi ne, ziyarar yini ɗaya da makaranta takan kawo yara ba ta isa ta canza rayuwar yaro ba. Sai an riƙe shi wata da watanni, an ba shi aiki na gaske, an san sunansa.

4.0 Siffofin Haɗin Gwiwa

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan nuni yana da kaya da fili da ma'aikatan da suka iya hulɗa da jama'a, kuma matashi ba ya jin tsoron shiga cikinsa kamar yadda yake jin tsoron ƙofar jami'a. Ita kuma jami'a tana da masana da ɗakunan gwaje-gwaje da ɗalibai, tana kuma da dabarun auna ko shiri ya yi amfani ko bai yi ba. A iya nazarina, haɗin gwiwar ya kasu gida uku.

4.1 Matashi a Matsayin Mai Bayani

Wannan shi ne wanda muka gani a sama. Hikimarsa ita ce, wanda aka ɗora wa nauyin bayyana abu ga wani dole ya fahimce shi fiye da wanda zai rubuta jarrabawa kawai. Duk wanda ya taɓa koyar da ƙanensa lissafi ya san haka. Bugu da ƙari, yaron da ya zo kallo ya tarar mai bayanin ɗan unguwarsu ne, mai irin launinsa da irin maganarsa, zai fi saurin yarda cewa shi ma zai iya.

4.2 Matashi a Matsayin Mai Bincike

Gidan Tarihin Halittu na Amurka da ke Niyok, wanda aka kafa a 1869, yana da masana masu bincike na kansa, har ma yana da makarantar da take ba da digirin digirgir. Gidan yana da shirin da ake haɗa 'yan sakandare biyu ko uku da masani guda, su yi shekarar karatu guda suna aiki tare a kan binciken da ba a riga an san amsarsa ba, kamar nazarin ƙwayoyin gado ko taurari ko ƙasusuwan halittun da suka shuɗe. Ba a karɓar kuɗi daga wurinsu, hasali ma alawus ake ba su, kuma a ƙarshen shekara sukan gabatar da sakamakonsu a gaban jama'a. A 2013, da tallafin gidauniyar Pinkerton, aka faɗaɗa wannan tsari ya zama gamayya ta cibiyoyi da jami'o'in birnin, ciki har da Jami'ar Kolombiya da Jami'ar Rockefeller.

Wani misali shi ne shirin Project TRUE, wanda Jami'ar Fordham da ƙungiyar da take kula da gidan namun daji na Bronx suka gudanar da tallafin hukumar kimiyya ta ƙasar daga 2015. Matasa sun yi nazarin tsuntsaye da itatuwa da ruwa da sauran halittun da suke zaune a cikin birni. Abin sha'awa a nan shi ne tsarin jagorancin, wanda zan kira tsarin wa da ƙane. Malamin jami'a yana kula da ɗalibin babban digiri, shi kuma yana kula da ɗaliban digirin farko, su kuma suna jagorantar 'yan sakandare. Yaro ɗan shekara 16 zai ji nauyin tambayar farfesa, amma ba zai ji nauyin tambayar wanda ya girme shi da shekara huɗu ba.

4.3 Matashi a Matsayin Mai Faɗa a Ji

A nan jami'a takan shigo ne a matsayin mai nazarin shirin kansa, matasa kuma su zama abokan shawara. Shirin YESTEM, wanda aka fara a 2017, ya haɗa masana daga jami'o'in Ingila da Amurka da ma'aikatan gidajen nuni da ƙungiyoyin matasa na ƙasashen biyu. A gidan nunin Impression 5 da ke birnin Lansing na jihar Mishigan akwai majalisar matasa. Matasan sun zagaya gidan suna lura da sunaye da hotunan waɗanda aka karrama, suka ga mata da baƙaƙen fata ba su da wani kaso na kirki. Sakamakon haka aka sanya wa wani ɗaki sunan Katherine Johnson, baƙar fata masaniyar lissafi wadda ta yi wa hukumar sararin samaniya ta Amurka lissafin hanyoyin kumbo, ta rasu a 2020. Wani zai ce ai suna ne kawai. Mu da muke nazarin harshe mun san suna ba ƙaramin abu ba ne.

5.0 Abubuwan da Suke Hana Adalci

5.1 Jarin Kimiyya

A 2009 Farfesa Louise Archer da abokan aikinta suka fara wani dogon bincike mai suna ASPIRES a kwalejin King's ta Landan. Sun bi diddigin dubban yara daga shekara 10 zuwa 14. Sun gano cewa mafi yawan yaran suna jin daɗin darasin kimiyya, amma kimanin 15 cikin 100 ne kawai suke burin zama masana kimiyya. Ke nan rashin sha'awa ba shi ne matsalar ba. Yaran suna ganin kimiyya abu ne mai kyau, amma na wasu ne.

Don bayyana dalilin haka suka fito da ra'ayin da na fassara da "jarin kimiyya", wanda suka gina a kan tunanin masanin zamantakewa na Faransa, Pierre Bourdieu. Kowane ɗan kasuwa ya san mai jari shi yake cin riba. Jarin kimiyya ya ƙunshi abu huɗu: abin da ka sani, yadda kake kallon kimiyya, abin da kake yi a wajen aji, da kuma waɗanda ka sani. 'Yar likita wadda ake hirar asibiti a gidansu kullum ta shigo aji da jari mai kauri. A wani bincike da suka buga a 2015, wanda ya shafi ɗalibai 3,658 masu shekara 11 zuwa 15 a Ingila, kashi 5 cikin 100 ne suke da jari mai yawa, kashi 68 matsakaici, kashi 27 kuma kaɗan. An yi wannan aiki ne a ƙarƙashin haɗin gwiwar kwalejin da Gidan Nunin Kimiyya na Landan, wanda aka fara a 2013.

Wani abu da masanan suka jaddada shi ne, yara da yawa suna da ilimin da ya danganci kimiyya, amma makaranta ba ta karɓarsa a matsayin jari. Kamar mutum ne ya zo kasuwa da kuɗin wata ƙasa, kuɗi ne na gaske, amma babu mai canji. Yaron da na ba da labarinsa jarinsa na jima yana nan, mai canji ne bai samu ba.

5.2 Ƙofa a Buɗe, Gida a Rufe

Tun watan Disamba na 2001 shiga manyan gidajen tarihi na gwamnati a Ingila kyauta ne. Duk da haka masaniya Emily Dawson ta nuna cewa kyautar ba ta kawo kowa ba. Ta zauna da ƙungiyoyin masu ƙaramin ƙarfi a Landan, ciki har da 'yan asalin Somaliya da Saliyo da Kudancin Amurka, ta kuma raka su ziyara, ta buga sakamakon a 2014 da kuma cikin littafinta na 2019. Ta gano cewa akwai kuɗin mota da na abinci, akwai asarar aikin yini ga mai aikin lada. Bayan waɗannan akwai harshe. Allunan bayani da Turanci kawai aka rubuta su, Turancin ma na masu karatu mai zurfi. Akwai kuma ƙa'idojin da ba a rubuta ba: me ake taɓawa, me ba a taɓawa, wa ake tambaya. Da yawa daga cikinsu sun fito da ra'ayin cewa ba don su aka gina wurin ba.

5.3 Baƙo da Ɗan Gida

A 2020 Angela Calabrese Barton da Edna Tan suka buga wata maƙala inda suka soki tunanin da ya tsaya ga "a shigo da su" kawai. Hujjarsu ita ce, wanda aka shigo da shi baƙo ne, mai gida kuma shi yake da iko. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi ya sa yake cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Komai karamcin da aka yi wa baƙo, ba ya sauya wurin zaman kujera, ba ya cewa a canza miya. Abin da suke kira a yi shi ne matashi ya zauna a wurin zaman haƙƙi, ya zama yana da bakin cewa wannan allo bai yi ba, wannan tambaya ita ta dami unguwarmu, ita za mu bincika.

5.4 Inda Gizo Yake Saƙa

Kada mu ɗauka waɗannan shirye-shirye ba su da naƙasu. Na farko, suna ɗaukar yara kaɗan ne, domin masani guda ba zai iya riƙe yara hamsin ba. Na biyu, idan aka ce sai an cika takarda an kawo sakamako mai kyau kafin a shiga, waɗanda suka riga suka tara jari su ne za su sake cinye guraben. Na uku, wannan yana wahalar da aunawa: idan yaran shirin suka ci gaba da karatun kimiyya, shirin ne ya sa, ko dama can masu himma aka zaɓa? Na huɗu, yawancinsu da kuɗin tallafi suke tafiya, ranar da tallafi ya ƙare sai aiki ya raunana. Wannan ne ya sa batun alawus da kuɗin mota yake da muhimmanci. Yaron da yake taya iyayensa neman abinci bayan an tashi makaranta ba zai iya aikin sa-kai ba, ko da ya fi kowa basira.

6.0 Harshe da Kimiyya a Nijeriya

Waɗannan misalai na Amurka da Ingila ne, kuma ba na cewa a kwafo su yadda suke. Amma zare guda ya ratsa su wanda ya shafe mu kai tsaye, wato harshe. A wannan fage Nijeriya tana da nata tarihin.

A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da 'yan firamare dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, ciki har da kimiyya da lissafi, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Dole ta sa suka ƙirƙiro kalmomi suka rubuta littattafai. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Wannan haɗin gwiwa ne na jami'a da makarantun gari, kuma masana harshe suna tsakiyarsa.

A ɓangaren Hausa, tun a 1916 wani likita masanin tsirrai mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, waɗanda ya tattaro daga bakin Hausawa ya haɗa su da sunayensu na Latin. Ke nan masanan Turai da kansu daga wurin irin kakan yaron nan suka koyi abubuwa da yawa. Abin dariya ma shi ne, masana sun daɗe suna kiran bagaruwa Acacia nilotica, daga baya suka mayar da ita Vachellia nilotica, alhali sunanta na Hausa yana nan inda yake. Haka kuma a 1949 aka fara buga littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya yi bayanin halittu da Hausa mai daɗin karatu. Duk wanda ya ce Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba, bai karanta shi ba.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke ta da komawa ga Turanci. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, ya ƙara wa wuraren koyo na wajen aji muhimmanci. Jami'o'inmu suna da irin waɗannan wurare. Jami'ar Ibadan tana da gidan namun daji, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife tana da gidan ajiye samfurin halittu, wasu kuma suna da lambunan tsirrai. A irin waɗannan wurare babu jarrabawa, don haka babu abin da zai hana a yi wa yaro bayani da harshen da yake tunani da shi.

7.0 Aikin Ɗalibin Harshe

To, mene ne namu a ciki? Ina ganin abu uku ne.

Na farko shi ne samar da kalmomi. Hausa tana bin hanyoyi sanannu wajen wannan. Akwai aro, kamar "oksijin" da "kwamfuta". Akwai harɗa kalmomi, kamar "tauraron ɗan'adam" da "madubin likita" da "mayen ƙarfe". Akwai kuma faɗaɗa ma'ana, kamar yadda "ƙwaya" ta tashi daga ƙwayar hatsi ta kai ga ƙwayar cuta. Ka'idar da nake bi ita ce, a fara neman kalmar a bakin masu sana'a, wato majema da marina da maƙera da masunta da ungozomomi. Sai an rasa sannan a ƙirƙira, sai ƙirƙira ta gagara sannan a ara.

Na biyu shi ne rubuta allunan bayani. Wannan fasaha ce ta daban, domin mai kallo a tsaye yake, ba zai karanta fiye da layi uku ko huɗu ba. Ga misalin da na gwada:

"BAGARUWA. Majema suna daka 'ya'yanta su jiƙa su jeme fata. A cikin kwansonta akwai sinadarin tanin, wanda yake kama zaren fata ya hana ta ruɓewa. Masana suna kiranta Vachellia nilotica. Me ake kiranta a garinku?"

A lura da tsarin. Na fara da sunan da yaro ya sani, na bi da aikin da ya gani a gida, sannan dalilin kimiyya, sannan sunan Latin. Na rufe da tambaya, domin wani Bahaushen gabaruwa yake cewa, kuma Bayarabe da Ibo da Bafulatani kowa yana da abin da zai ƙara.

Na uku shi ne tafinta da jagoranci. Mu ne muka dace da matsayin wa a tsarin wa da ƙane. Ɗalibin sashen nazarin tsirrai ya san kimiyyar, mu mun san harshen, yaran Sabo kuma sun san abin da ake yi a gida. Idan ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta nemi takwararta ta wani sashen kimiyya, muka ɗauki yara goma na zango guda, muka tara musu kuɗin mota, muka sa su tattaro sunaye da amfanin tsirrai ashirin daga bakin iyayensu, suka rubuta allunan da kansu, to mun kafa ƙaramin shiri irin waɗanda na bayyana. A nemi izinin iyaye, a tabbatar akwai 'yan mata a ciki tare da ɗalibai mata masu jagorantarsu, kuma kada a zaɓi masu ɗaukar na ɗaya kawai.

Ga ɗan aikin gwaji ga mai karatu. Ka zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan: kanwa, baba na rini, ko daddawa. Ka tambayi wanda yake aiki da shi yadda yake yi, ka tambayi ɗalibin kimiyya dalilin da ya sa hakan take faruwa, sannan ka rubuta allon bayani da bai wuce kalma 40 ba. Ka karanta wa yaro ɗan shekara 14. Idan ya yi maka tambaya, allonka ya yi. Idan ya gyaɗa kai kawai, ka sake rubutawa.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala na bambanta daidaito da adalci, na kawo tarihin shigar da matasa aikin gidajen nunin kimiyya tun daga 1969, na nuna siffofi uku na haɗin gwiwarsu da jami'o'i, da abubuwan da suke kawo cikas, sannan na danganta batun da harshe da kuma aikinmu. Ban sake haɗuwa da yaron nan ba tun da hutun ya ƙare, kuma har yau ina jin nauyin shirun da na yi a gaban akwatin gilashin. Ina da damar cewa, "Gaskiyarsa, bagaruwa ce, bari ya faɗa mana abin da ake yi da ita," amma ban ce ba. Ina fata idan waninku ya samu kansa a irin wannan wuri zai yi abin da na kasa yi. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.